Karan Awo a Kan Iyaka

Daga Allah muka fito, kuma wurinSa kowa ya nufa, mai sauri da mai nawa. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, Mai Unguwar tsohon garinmu a ƙasar Faskari, ya riga mu isa cikin daminar nan, daidai lokacin da dawa ta fi mutum tsayi.

Na zauna a tabarmar makoki ina kallon masu zuwa gaisuwa, kowa da abin da ya riƙe. Babbar ɗiyarsa da ke aure a Ƙanƙara ba ta ɗaga murya da kuka ba, sai dai duk wanda ya shiga cikin gida ta tambaye shi ko an ba tumakin Baba ruwa. Liman ya ce tun da ya fara jan salla bai taɓa juyowa bayan sallama ya ga gurbin Mai Unguwa ba kowa ba, sai da wannan ciwo ya kwantar da shi. Wani tsoho ya zo daga Ruwan Godiya a bayan babur, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan ya ce, "Wanga bawan Allah ya taɓa zagina a tsakiyar kasuwa, kuma shi ke da gaskiya." Wata mata daga wajen Damari ta durƙusa a bakin zaure ta ƙi shiga, ta ce a nan ta kwana da 'ya'yanta damina guda, nan ɗin ta zo gaisarwa.

Amma duk wanda ya gama addu'a sai ya matso ya rage murya ya tambaye ni, "Alhaji, wai gaskiya ne abin da aka ce ya faru a maƙabarta?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma na fara jin yadda bakuna ke ƙara masa abin da ba a yi ba. Shi ya sa na zauna in rubuta, don wanda bai san Yaya ba ya san shi, ya kuma san dalilin da ya sa gawarsa ta kai har rana ta take tana jiran a zo a karɓi kara guda.

Ni na bar gida da ƙuruciya, na bi motocin goro da na shanu. Na zauna a Kumasi, na yi shekaru a Njamena, na leƙa Sudan, na ci kasuwa a Kwatano. Bakina ya kama Yarbanci da Fulatanci da Faransanci da Larabcin kasuwa, kafin tsufa ya zaunar da ni a Ƙanƙara. Yaya kuwa, in ka cire aikin Hajji, bai taɓa wuce Katsina ba. Duk lokacin da na dawo na fara ba da labarin ƙasashe, sai ya bar ni in yi nisa, sannan ya fasa goro ya miƙo mini rabi.

"Kai ka yi ta yawo kana neman ƙasashe," in ji shi. "Ni ina zaune bisa buzun nan, ƙasashe ke zuwa su iske ni. An haife ni ƙarƙashin En'e. Na kwanta ina ɗan Jihar Arewa, na tashi aka ce Arewa ta Tsakiya. Ban gama koyon sunan ba aka ce Kaduna. Daga baya aka ce Katsina, inda muke tun farko. Ƙaramar hukuma kuwa da Funtuwa muke zuwa, aka ce mu koma Faskari. Duk wannan ko akuyata ban sauya ma turke ba. To ni da kai wa ya fi yawo?"

Mutum ne mai kaifin baki, ba ya iya ganin karkatacce ya wuce. Da ruwan farko ya sauka zai ɗauki sanda ya bi iyakokin gonaki yana duba layin gamba da ake shukawa tsakanin gona da gona. In ya ga wani ya ci tushe ɗaya da garma, ba ya kiran shi gefe. Sai ranar Juma'a, a gaban jama'a, ya tambaye shi ko gonar ce ta yi ƙiba cikin rani.

Garinmu rafi ne ya raba shi biyu. Ga tsohon gari inda gidanmu yake, ga Hayi a ƙetare. Jini ɗaya ne, don kakanmu ne ya sari tsohon gari, mijin ƙanwarsa ya sari Hayi. Kuma tun zamaninsu akwai abin da muka gada: a garinmu mutum ba ya haƙa kabarin mamacinsa. In an yi rasuwa a tsohon gari, mutanen Hayi ke haƙa. In a Hayi ne, mu ke haƙa. Masu gawa za su auna tsawon mamaci da karan dawa su jingine shi a zaure, babba daga cikin masu haƙa ya zo ya karɓa, ya tafi da shi maƙabarta. Shi muke kira karan awo. In an gama rufewa sai a karya shi a kan kabarin. Itacen da ake jerawa a rufe ramin kuwa wani gidan Maguzawa da ke bayan Hayi ke sarowa tun kakanni. Yawancinsu yanzu masu zuwa coci ne, ba sa shiga sahu, amma ba a taɓa rufe Musulmin garinmu da itacen da ba nasu ba.

Na ga jana'iza a ƙasashe da yawa. Na ga inda masu haƙa sana'arsu ke nan, na ga inda ƙungiyar unguwa ke yi, na ga inda duk wanda ya fara isa shi ke ɗaukar diga. Ban ga irin namu ba. Liman yakan ce ba a littafi yake ba, amma littafi bai hana ba. Yaya kuwa ga yadda ya fassara mini shi: "Kakanni sun san halinmu. Sun san za mu yi faɗa. Shi ya sa suka ɗaure mu ta inda ba mai iya kwancewa. Yi gaba da mutum yadda kake so, amma ka sani hannunshi za ka faɗa."

A da Yaya ne Mai Unguwar gefen biyu, dagaci ɗaya muke bi, hakimi ɗaya. Sai aka ba Sabuwa ƙaramar hukumarta. Masu shata iyaka suka zo da mota suka tsaya bakin rafi, suka ga ruwa abu ne mai sauƙin nunawa a taswira, suka ce nan ne. Rana ɗaya Hayi ta koma bin wani dagaci da wani hakimi da wata sakatariya. Aka ce sai ta sami Mai Unguwa nata, aka ba ɗan Gwaggonmu rawani.

Wannan ɗan Gwaggo taubashinmu ne, abokin wasa, kuma sa'an Yaya ne. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo. Tsawonsu ɗaya, har tela ba ya auna su biyu, in ya auna ɗaya ya wadatar. Rigar da Yaya ya sa ranar aurensa na fari ta Taubashi ce. Amma ranar naɗin Yaya bai je ba. Ya ce cikinsa ke ciwo, ya wuni a gona.

Da suka haɗu a wani suna bayan haka, Yaya ya miƙe tsaye kamar mai girmamawa.

"Barka da isowa, Mai Rabin Unguwa."

"Yawwa, Mai Ragowar Unguwa," in ji Taubashi. "Ya ragowar jama'a? Suna dai jin magana?"

Mutane suka yi dariya, don wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. Ni da na san su biyun na ji abin da ke ƙarƙashin wasan. Yaya ya ɗauka an yanke masa rabin jiki, kuma ɗan'uwansa ne ya riƙe wuƙar. Taubashi ya ɗauka in bai karɓa ba za a kawo baƙo a ɗora musu. Kowannensu yana da gaskiya, ba wanda ya yarda ya faɗa wa ɗaya.

Na ga iyakoki a duniya. Na ga kasuwar da layin ƙasa biyu ya ratsa tsakiyarta, ka sayi albasa da kuɗin wata ƙasa a ba ka canji da na wata, ba wanda ya damu. Amma can layin ya tsufa, mutane sun koyi tsallake shi. Namu sabo ne, kuma komai ta kansa yake saukowa. Takin zamani ya zo wa gefe ɗaya bai zo wa ɗaya ba. An haƙa burtsatse a Hayi, namu ya tsaya a alkawari. An gyara mana aji biyu, nasu rufin ya yaye. Kowane gefe ya fara ƙirga abin da ɗaya ya samu. Yaya yakan ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, bayan an gama raba mu, in zaɓen ɗan majalisar tarayya ya zo sai a tattara Faskari da Sabuwa har da Ƙanƙara a ce mutum ɗaya za mu aika. "Sun warware dami sun watsa," in ji shi, "ranar da suke son ɗauka kuma su ce mu ɗaure kanmu."

Sannan rafin da kansa ya shiga maganar. Wata damina mai ruwa ya bar tsohuwar hanyarsa ya yanki sabuwa kusa da tsohon gari, ya bar maƙabarta da wani yanki na fadama a tsakiya. In ka bi tsohon rafi, namu ne. In ka bi sabo, nasu ne. A kan fadamar an zare sanduna, an fasa kai. Kwamiti ya zo daga sakatariyoyin biyu, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tsamiya. Ina gari a lokacin. Yaya da Taubashi suka yi ta tona asirin juna tun daga zamanin kiwo, har aka gaji aka raba fadamar da layin gamba. Daga nan wani jami'i ya ɗaga biro ya ce saura maƙabarta, wace ƙaramar hukuma za a rubuta?

 Yaya ya dubi ƙasa ya ce, "Rubuta ta waɗanda ke ciki ce."

Taubashi ya gyara rawani. "Tun da aka yaye shi, yau ya fara faɗin gaskiya."

Jami'in ya ce za su koma su yi shawara. Har yau ba su dawo ba, kuma har yau wannan fili bai shiga lissafin kowa ba.

Da shekarun tashin hankali suka zo, mutanen ƙauyukan wajen Damari suka fara gudowa da tabarmi a ka. Masu rabon agaji suka ce waɗannan 'yan Sabuwa ne, sai su koma can a rubuta su. Yaya bai yi musu da kowa ba. Ya buɗe rumbunsa, ya share zaurensa, ya raba sauran a gidajen unguwa, ya ce wanda ya ga yunwa ta tsaya tambayar sakatariya ya zo ya gaya masa. Matar nan da ta durƙusa a bakin zaure tana cikinsu.

Daga baya abin ya iso kanmu. 'Yan bindiga suka shigo tsohon gari, suka kore shanu, suka tafi da mutane. Cikin waɗanda aka tafi da su har da matar babban ɗan Yaya. Ta dawo, amma ba ta ƙara lafiya ba har ta rasu a asibiti a birni, can aka rufe ta. Aka ga sawun babura ya biyo ta bayan Hayi, sai magana ta tashi cewa wani a can ne ya nuna hanya. Ba wanda ya gani, ba wanda ya kawo shaida, amma maganar ta zauna. Babban ɗan Yaya ya zama shugaban 'yan sintirin gefenmu. Hayi ma suka kafa nasu, ƙarƙashin tsarin tasu ƙaramar hukuma, ba mai jin umarnin wani. Aka kafa doka daga gefen biyu: ba mai tsallake rafi da ƙarfe a hannu.

Ana cikin haka uwargidan Taubashi ta rasu. Ladanin Hayi ya yi sanarwa a lasifika, muryar ta tsallako ruwa kowa ya ji. Ban kasance a gari ba, amma na ji labarin daga bakin gefen biyu, kuma bai saɓa ba. Yaya ya shiga ɗaki ya ɗauko dagi, ƙarfen nan mai kotar itace da ake haƙa rami da shi. Babban ɗansa ya tare ƙofar zaure.

"Baba, ba mai zuwa."

"Ban tambaye ka mai zuwa ba. Matsa."

"Sun sayar da mu."

"Ka gani da idonka?"

Yaya ya saɓa dagin a kafaɗa.

"To ni na gani da idona matar nan ta goya ka wata uku da uwarka ta kwanta ciwo. Matsa mani."

Ɗan ya matsa, amma ya hana samari bin uban. Yaya ya tsallake ruwa shi kaɗai, dagi a kafaɗa. 'Yan sintirin Hayi suka fito daga cikin ciyawa suka ɗaga masa bindiga, suka ce ya ajiye ƙarfen.

"Ku harba," in ji shi. "Sai ya zama rami biyu, kuma ko ɗaya ba ku da ikon haƙawa."

Suka buɗe masa hanya. Ya je ƙofar Taubashi, aka miƙa masa kara ba tare da magana ba, ya wuce maƙabarta. Tsoho ne da ko buta sai an ɗaga masa. Ya yi ta sara, ƙasa ba ta ko kai gwiwa ba numfashinsa ya ƙare, ya zauna. Samarin Hayi suna tsaye suna kallo. Daga ƙarshe ɗayansu ya zare dagin daga hannunsa, suka haƙa wa uwarsu kabari da kansu. Tun da aka sari garinmu ba a taɓa yin haka ba.

Da aka gama rufewa Taubashi ya zo ya tsaya a kan Yaya.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"To, mun gani."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Da ciwo ya tsananta wa Yaya aka aiko mini, na taho daga Ƙanƙara na zauna kusa da shi. Wata rana da yamma ya kama hannuna.

"In na tafi, kai za ka auna ni. Ka jingine karan a zaure. Kada kowa a gefen nan ya taɓa dagi."

"In ba su zo ba fa, Yaya?"

"Za su zo."

"In dai ba su zo ba?"

"Kai dai da tambaya kamar ma'aikacin kan iyaka. Ba ni ruwa."

Ya cika da asuba. Ladaninmu ya yi sanarwa a lasifika, ya maimaita, ya juya bakin lasifikar wajen Hayi. Na zaɓi karan dawa miƙaƙƙe daga danga, na auna shi daga ka zuwa diddige, na jingine a zaure. Kafin hantsi an yi wanka, an sa likkafani. Mutane suka cika ƙofar gida. Kowa yana gaisawa amma idonsa yana kan hanyar rafi. Dawa ta rufe ko'ina, ba ka ganin abin da ya wuce jifa guda. Waya ba ta tafiya a garinmu tun da aka daina gyara na'urar da ke kan tudu, balle a kira a ji.

Hantsi ya ɗaga, ba kowa. Hadari ya fara haɗuwa daga gabas, kuma kowa ya san in ruwa ya sauka sabon rafi zai cika, ba mai tsallake shi da makara. Direban da ya kawo mutanen Ƙanƙara ya zo ya raɗa mini cewa shi ba ya bin hanyar nan in la'asar ta wuce, ko za a ba shi motar kyauta.

Babban ɗan Yaya ya durƙusa gabana. Idonsa ya yi ja, amma ba na kuka kaɗai ba.

"Baffa, ba za su zo ba. In ni ne su, ba zan zo ba. Ka ba mu izini."

"Ubanka ya bar magana."

"Ubana yana kwance cikin zafi. Ni na jawo, na sani. Amma kada a bar shi ya canza don laifina."

Daga cikin gida matar Yaya ta aiko wata tsohuwa ta ce a gaya wa ɗanta, in hannunsa ya taɓa dagi kada ya ƙara shigo mata ɗaki. Liman ya matso ya zauna kusa da ni, ya yi magana a hankali don kada a ji. Ya ce ya san al'ada, ya kuma san wasiyya, amma haƙƙin mamaci a gaggauta shi, kuma wannan haƙƙi ya fi ƙarfin abin da kakanni suka ƙulla. Ya ce ni ne babba yanzu, ni zan yanke.

Na dubi karan nan a jingine. Na yi shekaru ina tsallake iyakokin ƙasashe, wasu da takarda wasu da baki, ban taɓa jin iyaka ta yi mini tsawo irin wannan ɗan ruwa da yaro ke tsallakewa da wando a naɗe ba. In na ce a haƙa, an binne al'adar tare da shi, daga ranar tsohon gari da Hayi sun zama garuruwa biyu da gaske, ba a taswira kaɗai ba. In na ce a jira, ina wasa da gawar ɗan'uwana. Na ce a ba ni zuwa lokacin da inuwar zaure za ta koma gindinsa.

Inuwar ba ta gama komawa ba wani daga cikin 'yan sintiri ya fito daga cikin dawa da gudu. Ya ce ya hango mutane wajen tsohon rafi, suna da yawa, kuma da ƙarfe a hannunsu. Nan take tabarmi suka yamutse. Mata suka fara jan yara cikin gida. Samari suka ruga ɗauko bindigogi, babban ɗan Yaya a gabansu.

Na ɗauki karan awo na tsaya a bakin hanya. Na ce duk mai zuwa ya biyo bayana, kuma wanda ya wuce gaban wannan kara ba ni ba shi. Liman ya taso ya tsaya kusa da ni. Ɗan Yaya ya rataya bindiga a kafaɗa ɗaya, ya ɗauki dagin ubansa a ɗaya hannun, ya ce ko mene ne a can, yau sai an haƙa.

Muka bi ta cikin dawa a jere, ganye yana yankar fuska. Muka shiga sabon rafi, ruwa har gwiwa. Da muka hau tudun maƙabarta na ji ana zare kunamar bindiga a bayana, na ɗaga karan sama ba tare da na juya ba.

Mutanen Hayi ne, tsaye, da diga da shebur da dagi. Bindigoginsu suna can nesa, an tara su a gindin wata kanya a bakin tsohon rafi. Itacen rufi yana jere, sabon sara, 'ya'yan gidan Maguzawa suna zaune a gefensa. Kusa da kabarin mahaifinmu ga sabon rami, an gama shi, an share bakinsa. A kan tulin ƙasar Taubashi yana zaune, amalanken da aka turo shi a ciki yana gefe, don ƙafarsa ta daina tafiya mai nisa. Bayan rigarsa, tun daga hula har ƙasa, jar laka ce.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina.

"Ɗan yawo, sai yanzu? Mun ce ko kun tsaya neman izinin sakatariya ne."

 Na ce, "Ba ku zo karɓar kara ba."

"Wa zan aiko? In aiko yaro da dagi ku harbe shi. In aiko shi hannu sake, wanga ya ce leƙen asiri ya zo." Ya nuna ɗan Yaya da haɓa. "Ni kuma ba ni iya tsallake sabon rafinku."

"To da mi kuka auna?" in ji Liman.

Taubashi ya kai hannu ya kakkaɓe kafaɗarsa, lakar ba ta fita ba.

"Ni na kwanta. Suka zana."

 Na durƙusa na shimfiɗa karan a bakin ramin. Ramin ya fi karan da kamar yatsa biyu.

"Na ƙara mashi," in ji Taubashi. "Kada ya je can ya ce na rage mashi wuri, kamar yadda ya yi ta cewa na rage mashi unguwa."

Wani a cikin mutanen Hayi ya yi dariya, dariyar ta karye ta koma kuka. Ɗan Yaya ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya taka har gindin kanyar nan ya ɗora ta a kan nasu, ya dawo ya durƙusa gaban tsohon. 

Liman ya ce tunda mutanen Hayi ba su da halin zuwa ƙofar gida, a kawo gawar a yi salla a filin da ke gaban maƙabarta. Aka kawo shi, aka tsallake da shi ruwa yana ɗan ƙaruwa. Sahu ya tsaya a ƙasar da ba ta Faskari ba, ba ta Sabuwa ba, kuma ban iya bambance wa ke gefen wa ba. Muka sa shi, aka jera itace, aka tura ƙasa. Yayyafi ya fara.

Na miƙa wa ɗan Yaya karan don ya karya a kan kabarin, kamar yadda ake yi. Ya karɓa ya riƙe da hannu biyu. Taubashi, da ake ɗagawa za a sa a amalanke, ya ce a dakata.

"Kai, shugaban sintiri. Ka dai ga awona. Ranar tawa ba sai ka wahala zuwa karɓar kara ba, in za ka zo."

Ɗan Yaya ya dubi karan, ya dubi tsohon.

"Baba, wanga ba za a karya shi ba tukuna."

Ya saɓa shi a kafaɗa tare da dagin ubansa, muka juya gida cikin ruwan sama.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Dokar ƙarfe tana nan, iyaka tana nan inda masu mota suka ajiye ta, kuma har yanzu akwai masu cewa Hayi ce ta nuna hanya. Amma duk wanda ya shigo zaurenmu gaisuwa, in ya ɗaga kai, zai ga karan dawa guda soke a cikin rufi, da dagi a jingine ƙarƙashinsa. Na ji ɗan Yaya yana gaya wa samarinsa cewa wanda ya taɓa su ya taɓa shi.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa kaifin bakinsa, Ya yalwata masa makwanci fiye da yatsa biyun da ɗan'uwansa ya ƙara masa. Mu da muka rage a gefen biyu na rafi, Allah Ya sa in tamu ta zo a sami mai tsallakowa.